Lincoln nawa ne? Yadda littattafai suka yi ta sauya fuskar shugaban Amurka na 16

A birnin Washington, daura da gidan wasan kwaikwayo na Ford inda aka harbi Abraham Lincoln a daren 14 ga Afrilu 1865, akwai wata cibiyar ilimi da aka buɗe a 2012. A tsakiyarta an jera siffofin littattafai kusan 6,800, ɗaya kan ɗaya, har suka yi hasumiya mai tsayin ƙafa 34. Dukkansu a kan mutum guda aka rubuta su, kuma ba su kai ko rabin abin da ake da shi ba, domin ƙiyasin da aka fi ambata shi ne littattafai kusan 15,000.

Mutumin da ake wa wannan ɗimbin rubutu shekara 56 kacal ya yi a duniya. An haife shi a 12 ga Fabrairu 1809 a wata bukkar katako a jihar Kentucky, ya yi mulki shekara huɗu da 'yan makonni, kusan duka a cikin yaƙin basasa tsakanin jihohin arewa da suka tsaya cikin tarayya da jihohin kudu masu bayi da suka ɓalle. To me ake ta faɗa da ba a gama faɗa ba?

Amsar tana da rassa biyu. Na farko, Lincoln mutum ne mai zurfin ciki. Bai bar littafin tarihin kansa ba, bai ajiye kundin rubuta al'amuran yau da kullum ba, in ban da 'yan gajerun bayanai da ya rubuta a 1859 da 1860 domin yaƙin neman zaɓe. Ko abokan aikinsa na kusa sun yi ta kukan cewa ba a sanin cikinsa. Na biyu, kuma shi ne babba: duk wata tambaya da ke ci wa Amurkawa tuwo a ƙwarya, ta launin fata, ta ƙarfin gwamnatin tarayya, ta iyakar ikon shugaba a lokacin yaƙi, sai ta bi ta kansa. Saboda haka kowane zamani yakan koma ya sake rubuta shi daidai da ciwon da ke damunsa. Mai karanta littafi kan Lincoln, a ganina, abu biyu yake karantawa a lokaci guda, wato Lincoln da kuma shekarar da aka buga littafin.

Waliyyi ko ɗan ƙauye

An harbe shi ne ranar Juma'ar da Kiristoci ke tunawa da gicciye Almasihu bisa imaninsu, ya cika da safiyar Asabar. Ranar Lahadi ta Ista, limaman coci a arewacin ƙasar suka hau mumbari suna kwatanta shi da wanda ya ba da jininsa domin al'umma. Littattafan farko a cikin wannan yanayi suka fito. Josiah Holland, wani ɗan jarida daga Massachusetts, ya buga nasa a 1866, ya zana shi a matsayin cikakken Kirista mai tsoron Allah tun daga yarinta.

Wannan ya ɓata wa William Herndon rai. Herndon lauya ne da ya yi ofis ɗaya da Lincoln a garin Springfield na jihar Illinois tun 1844, kuma ya san abokin nasa bai taɓa yin rajista da wata coci ba, ya san shi da barkwancin da ba a yi a gaban surukai, ya kuma san shi da wani baƙin ciki mai nauyi da kan rufe shi kwana da kwanaki. Sai ya ɗauki alƙalami da takarda ya bi sawu. Ya je wurin matar uban Lincoln, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya tattauna da dangi da tsofaffin maƙwabta a Indiana da ƙauyen New Salem, ya rubuta wasiƙu zuwa Kentucky. Kusan duk abin da duniya ta sani game da ƙuruciyar Lincoln daga wannan tarin hira ya fito.

Amma Herndon ba ya shiri da Mary, matar Lincoln, ita ma ba ta ƙaunar ganinsa. A ƙarshen 1866 ya gabatar da lacca a bainar jama'a yana cewa mace ɗaya tilo Lincoln ya taɓa so da gaske, wata Ann Rutledge da ta rasu a 1835, kuma zuciyarsa tare da ita aka binne. Ka tuna matar marigayin tana raye, ba ta cika shekara biyu da ganin an harbe mijinta a gefenta ba. Littafin Herndon bai fito ba sai 1889, da taimakon Jesse Weik. Daga baya masana suka yi shekaru suna watsi da labarin Ann a matsayin tatsuniyar tsofaffi, sannan a wajajen 1990 wasu suka sake bin hirarrakin ɗaya bayan ɗaya suka ce akwai ƙamshin gaskiya a soyayyar, ko da yake Herndon ya zuba mata gishiri fiye da kima. Kasuwar labarin ta yi ƙarfi har a 1928 mujallar Atlantic Monthly ta fara buga wasu wasiƙun soyayya da aka ce Lincoln da Ann sun rubuta wa juna, kafin masana su tona cewa jabu ne.

Wanda ke riƙe da akwatin takardu

Abin da masu karatu ba su cika lura da shi ba shi ne, tsawon shekara 82 bayan mutuwar Lincoln, babu wani masani mai zaman kansa da ya samu damar bincika takardun fadarsa yadda yake so. Suna hannun babban ɗansa, Robert Todd Lincoln, lauya kuma hamshaƙin mai kuɗi wanda ba ya son a riƙa tuna wa duniya talaucin gidan kakanninsa. Mutum biyu ya buɗe wa akwatin sosai: John Nicolay da John Hay, sakatarorin mahaifinsa da suka kwana suka tashi a fadar White House lokacin yaƙi. Suka fitar da juzu'i goma a 1890, bayan an yi ta buga aikin kashi-kashi a mujallar Century tun 1886. Robert ya duba rubutun kafin a buga, kuma an rage abin da bai kwanta masa ba game da asalin dangin.

Aikin nasu ma'adini ne, har yau ana haƙo shi. Sai dai littafi ne na yaran gida. A cikinsa Lincoln kusan bai taɓa kuskure ba, duk wanda ya saɓa masa kuwa, musamman kwamandan sojojinsa Janar George McClellan, ya sha sara.

Robert ya miƙa takardun ga Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka bisa sharaɗin ba za a buɗe su ba sai shekara 21 bayan mutuwarsa. Ya rasu a 26 ga Yuli 1926, aka buɗe su a 26 ga Yuli 1947. Kafin ranar jita-jita ta cika gari cewa za a ga shaidar hannun wasu ministoci a kisan shugaban. Ba a ga komai makamancin haka ba. Abin da aka tarar takardu ne fiye da 18,000, galibinsu wasiƙun da aka aiko masa: masu neman aiki, iyaye mata masu roƙon a yafe wa 'ya'yansu sojoji, gwamnoni masu ƙorafi, masu zagi. Daga nan aka fara ganin Lincoln ɗan siyasa, mai rabon muƙamai da lissafin ƙuri'a, ba mai wa'azi daga kan dutse ba. Littafin Benjamin Thomas na 1952 shi ne tarihin rayuwa na farko a juzu'i ɗaya da ya ci moriyar waɗannan takardu, sannan a 1953 aka fara fitar da tarin rubuce-rubucen Lincoln ɗin kansa ƙarƙashin jagorancin Roy Basler. Duk littafin da aka buga kafin 1947, komai daɗinsa, a karanta shi da sanin haka.

A tsakanin wannan dogon jira ne mawaƙin baiti Carl Sandburg ya mamaye fagen. Juzu'i biyu kan shekarun ƙuruciya a 1926, juzu'i huɗu kan shekarun yaƙi a 1939, ya kuma samu lambar yabo ta Pulitzer a 1940. Nasa Lincoln ɗan talakawa ne mai faskaren itace, wanda ya yi karatu da hasken murhu, kuma shi Amurkawa suke buƙata a lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, ga Hitler yana tasowa a Turai. Sandburg ba ya tankaɗe labari. In ya yi daɗi ya shiga. Mai sukar adabi Edmund Wilson ya taɓa yi masa ba'a cewa tun bayan harsashin John Wilkes Booth, mutumin da ya kashe shi, babu muguntar da aka yi wa Lincoln kamar faɗawarsa hannun Sandburg. Maganar ta yi tsauri, amma ta samu wurin zama.

Wani abu kuma ya haɗa littattafan wancan zamani: sun tura batun bauta gefe. Turawan arewa da na kudu suna son sasantawa, hanyar sasantawar kuwa ita ce a ce yaƙin na ceton haɗin kan ƙasa ne kawai. Farfesa James Randall, wanda ake ɗauka jagoran masana Lincoln a shekarun 1930 zuwa 1950, yana cikin masu ganin yaƙin ma bai zama dole ba, wautar 'yan siyasa da masu tsattsauran ra'ayi ce ta jawo shi. Ba a littattafai kaɗai abin ya tsaya ba. Da aka buɗe katafaren ginin tunawa da Lincoln a Washington a 30 ga Mayu 1922, an ware wa baƙar fata wurin zamansu daban, kuma rubutun da aka sassaƙa a saman kan mutum-mutuminsa ceton tarayya ya ambata, bai ambaci 'yanta bayi ba.

Shin shi ya 'yanta bayi?

Nan ne gardamar ta fi zafi, kuma nan ne littattafan suka fi cancantar lokacin mai karatu.

A watan Fabrairu 1968, ana tsakiyar gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata, Lerone Bennett na mujallar Ebony ya buga maƙala yana tambaya ko Lincoln mai aƙidar fifikon farar fata ne. Ya amsa da e, ya kuma faɗaɗa hujjarsa zuwa littafi a shekara ta 2000. Bai ƙirƙiri komai ba, daga bakin Lincoln ya ɗauko. A garin Charleston na Illinois, ranar 18 ga Satumba 1858, a muhawararsa da abokin takararsa na kujerar sanata, Stephen Douglas, Lincoln ya ce ba ya goyon bayan daidaita farar fata da baƙar fata a zamantakewa ko siyasa, ba ya goyon bayan su yi zaɓe, ko su zauna cikin masu taya alƙali yanke hukunci, ko su yi auratayya da Turawa. A 14 ga Agusta 1862, yana shugaban ƙasa, ya gayyaci wakilan baƙar fata biyar zuwa fadarsa ya ce musu ya fi alheri a rabu, su yi ƙaura zuwa wata ƙasa. Ya daɗe yana sha'awar tsarin kwashe 'yantattun bayi zuwa Laberiya ko yankin Amurka ta Tsakiya. A 1863 an kai mutum kusan 450 wani tsibiri na ƙasar Haiti da amincewarsa. Cuta da yunwa suka kashe da dama, a 1864 aka aika jirgi ya kwaso waɗanda suka rage.

Ita ma sanarwar 'yanta bayi ta 1 ga Janairu 1863 ba ta yi faɗin da ake zato ba. Ta shafi yankunan da suka ɓalle ne kawai. Jihohi huɗu masu bayi da suka tsaya cikin tarayya, wato Delaware, Maryland, Kentucky da Missouri, ba ta taɓa su ba, haka ma Tennessee da wasu sassan Louisiana da Virginia. Sai masu suka suka ce ya 'yanta bayi a inda ba shi da iko, ya bar su a inda yake da shi. Sukan ƙara da wasiƙarsa ga ɗan jarida Horace Greeley ta 22 ga Agusta 1862, inda ya ce babban burinsa ceton tarayya ne, in zai cece ta ba tare da 'yanta bawa ko ɗaya ba zai yi, in sai ya 'yanta duka zai yi, in sai ya 'yanta wasu ya bar wasu shi ma zai yi.

To amma a duba kwanan wata. Wata guda cur kafin wannan wasiƙa, a 22 ga Yuli, ya riga ya karanta wa ministocinsa daftarin sanarwar, ya ajiye shi a aljihun tebur yana jiran sojojinsa su yi nasara a fagen daga kafin ya fitar. Wato lokacin da yake rubuta wa Greeley, ya riga ya yanke shawara; yana shirya kunnen Turawan arewa ne, waɗanda da yawansu za su ba da 'ya'yansu domin tarayya amma ba domin bawa ba. Sannan tsarin mulki bai ba shugaba ikon taɓa bauta a cikin jiha ba, sai ta ƙofar ikon yaƙi a kan abokan gaba, shi ya sa sanarwar ta tsaya inda ta tsaya. Kuma daga ranar, duk inda sojan tarayya ya sa ƙafa a kudu, 'yanci ya shiga tare da shi. Sanarwar ce kuma ta buɗe ƙofar ɗaukar baƙar fata aikin soja, kusan 180,000 suka shiga rundunar ƙasa kafin a gama yaƙin.

Wasu masanan, irin su Ira Berlin da Barbara Fields, sun karkatar da tambayar gaba ɗaya. Suka ce me ya sa ake neman mutum ɗaya da za a ba kambun? Tun a watan Mayu 1861 wasu bayi uku suka tsere zuwa sansanin Fort Monroe a Virginia, Janar Benjamin Butler ya ƙi mayar da su ga mai su, daga nan dubbai suka biyo baya. Bayin ne da ƙafafunsu suka tilasta wa soja, soja ya tilasta wa majalisa, majalisa da yaƙi suka tura shugaba. Masanin tarihi James McPherson ya mayar musu da martani cewa bayi sun daɗe suna gudu tun kafin 1861 bauta ba ta faɗi ba. Abin da ya sauya shi ne an samu shugaban da ya ƙi yarda a faɗaɗa ta, ya ƙi barin kudu ta ɓalle, ya kuma ƙi janye sanarwar ko da aka matsa masa a 1864.

A cikin wannan rukuni, littafin da na fi ganin ya yi adalci shi ne na Eric Foner, The Fiery Trial, na 2010, wanda ya ci Pulitzer a 2011. Foner bai wanke Lincoln ba, bai kuma rataye shi ba. Ya bi shi shekara bayan shekara ya nuna mutum ne da ya tsani bauta tun da wuri amma ya kasa hango ƙasar da baƙi da fari za su zauna daidai, sannan yaƙi da jarumtar sojoji baƙar fata da haɗuwa da mutane irin su Frederick Douglass, jagoran baƙar fata mai yaƙi da bauta, suka yi ta matsar da shi gaba. Bayan 1863 ya daina maganar kwashe baƙar fata a bainar jama'a. Ya sa ƙarfinsa wajen ganin majalisar wakilai ta amince da gyaran tsarin mulki na 13 a 31 ga Janairu 1865, wanda ya haramta bauta a ƙasar baki ɗaya, ya rufe babin bautar mutum kusan miliyan huɗu. A jawabinsa na ƙarshe, 11 ga Afrilu 1865, ya goyi bayan a ba wasu baƙar fata ƙuri'a, masu ilimi da waɗanda suka yi soja. John Wilkes Booth yana cikin taron. Bayan kwana uku ya harbe shi.

Abin mamaki, Douglass, wanda shi kansa tsohon bawa ne, ya riga duk waɗannan masana faɗar wannan. A jawabinsa na 14 ga Afrilu 1876 ya ce Lincoln da farko shugaban farar fata ne, baƙar fata kuwa agololi ne a wurinsa. In aka auna shi da ma'aunin masu yaƙi da bauta, in ji shi, mai jan ƙafa ne, mai sanyin jiki. In aka auna shi da ra'ayin jama'ar da dole ya tafi da su, mai hanzari ne, mai tsauri, mai ƙudiri. Kusan duk littafin da aka rubuta kan batun tun daga lokacin, rabi ɗaya na wannan magana ya ɗauka ya faɗaɗa.

Lincoln na ajin koyar da shugabanci

Akwai wani reshe da ya fi kowanne ciniki, na littattafan da ke mayar da Lincoln darasi ga manajoji da 'yan siyasa. Sarauniyarsu ita ce Team of Rivals ta Doris Kearns Goodwin, 2005. Labarinta shi ne yadda Lincoln ya kayar da manyan jam'iyyar Republican a zaɓen fid da gwani na 1860, sannan ya jawo su cikin gwamnatinsa: William Seward a harkokin waje, Salmon Chase a kuɗi, Edward Bates a shari'a. Daga baya ya ɗauko Edwin Stanton, lauyan da ya taɓa wulaƙanta shi a wata shari'a a Cincinnati a 1855, ya ba shi ma'aikatar yaƙi. Barack Obama ya yaba littafin a fili, ya naɗa Hillary Clinton sakatariyar harkokin waje, ya yi rantsuwar kama aiki a 2009 da Baibul ɗin da Lincoln ya yi tasa. Fim ɗin Steven Spielberg na 2012 ma daga wani sashe na littafin ya samo tushe.

Littafi ne mai daɗin karatu ƙwarai. Darasin da mutane suka tsinta daga cikinsa ne ya yi arha. Ba wa manyan jam'iyya kujerun minista ba sabon abu ba ne a siyasar Amurka ta wancan ƙarni; hanya ce ta biyan bashin siyasa da riƙe ɓangarori. Majalisar ministocin kuma ba ta zauna lafiya ba. Simon Cameron, ministan yaƙi na farko, an kawar da shi a Janairu 1862 saboda ɓarna da almundahana a ma'aikatarsa, aka tura shi jakada Rasha. Chase ya yi ta yi wa maigidansa zagon ƙasa yana neman kujerarsa, har Lincoln ya karɓi takardar murabus ɗinsa a Yuni 1864, ko da yake a Disamba ya naɗa shi alƙalin alƙalai. Gwanintar ba a tara abokan hamayya take ba, a haƙurin zama da su take, da sanin ranar da za a sallami kowanne.

David Herbert Donald, a littafinsa na 1995, ya zo da Lincoln da ya kusa zama kishiyar wannan. Nasa mutum ne mai jiran al'amura su zo masa, ya kuma kafa hujja da wasiƙar 4 ga Afrilu 1864 inda Lincoln da kansa ya ce ba ya da'awar shi ya juya al'amura, al'amura ne suka juya shi. Masu suka sun ce Donald ya ɗauki tawali'un ɗan siyasa a matsayin ikirari. Duk da haka littafinsa yana maganin wata cuta, ta ɗaukar cewa Lincoln ya san ƙarshen labarin tun farko. Ya yi ta canza kwamandoji, McClellan, Burnside, Hooker, Meade, kafin ya damƙa wa Ulysses Grant dukkan rundunoni a Maris 1864. A 23 ga Agusta na shekarar ya rubuta takarda cewa da wuya a sake zaɓensa, ya naɗe ta ya sa ministocinsa suka sa hannu a bayanta ba tare da sun karanta ba. Faɗuwar birnin Atlanta a farkon Satumba ce ta juya masa zaɓen.

Wannan reshe ne ya fi isowa gare mu. Ɗaliban sakandare a Najeriya suna haddace ma'anar dimokuraɗiyya daga jimlar ƙarshe ta jawabinsa na Gettysburg, na 19 ga Nuwamba 1863, sau da yawa ba tare da an gaya musu a maƙabartar sojoji aka yi shi ba. An sha kwatanta Janar Yakubu Gowon da shi saboda yaƙin hana ɓallewa da kuma sassaucin da ya nuna a Janairu 1970. Lokacin da Muhammadu Buhari ya sha kaye a 2003, 2007 da 2011, an yi ta yawo da jerin faɗuwar Lincoln a zaɓuɓɓuka domin ƙarfafa gwiwa. Jerin nan yana ɓoye rabin labari. Lincoln ya ci zaɓen majalisar jihar Illinois sau huɗu a jere daga 1834, ya ci na majalisar wakilai ta tarayya a 1846, ya kuma zama lauya mai rufin asiri da har kamfanin jirgin ƙasa ke ɗauka. Kujerar sanata da ya rasa a 1855 da kuma bayan zaɓen 1858, 'yan majalisar jiha ne ke zaɓa a lokacin. Shi da kansa ya rubuta a 1859 cewa sau ɗaya tak jama'a suka kayar da shi kai tsaye, a 1832.

Haka kuma wasiƙar nan da ake turawa a WhatsApp, wai Lincoln ya rubuta wa malamin ɗansa, ba ta cikin rubuce-rubucensa. Maganar da ake jingina masa cewa ba za a iya yaudarar dukkan mutane a kowane lokaci ba, ita ma ba a same ta a takardunsa ba. Sai bayan shekaru kusan 20 da mutuwarsa ta fara yawo da sunansa. Matsalar ta yi yawa har Don Fehrenbacher da matarsa Virginia suka fitar da littafi a 1996, suka tara maganganu kusan 1,900 da mutum sama da 500 suka ce sun ji daga bakinsa, suka ba kowace daraja gwargwadon wanda ya ruwaito da lokacin da ya rubuta. Wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai gane aikin nan da kallo ɗaya: duba mai ruwaya, duba tazarar zamani, sannan a ce wannan ingantacce ne, wancan mai rauni.

Shafukan da littattafan yabo ke tsallakewa

Akwai kuma masu ƙinsa. Edgar Lee Masters ya yi masa kaca-kaca a 1931, Thomas DiLorenzo ya maimaita a 2002, yana kiransa mai kama-karya da ya murƙushe 'yancin jihohi. Masana tarihi ba su ɗauki waɗannan da muhimmanci ba, musamman saboda yadda suke rage matsayin bauta a ɓallewar kudu, alhali takardun ɓallewar jihohi irin su South Carolina da Mississippi sun faɗi dalilinsu ƙarara. Amma kayan da suke jifa da su ba duka ne na ƙarya ba. Lincoln ya dakatar da 'yancin wanda aka tsare na a kai shi gaban alƙali, sojoji sun tsare dubban farar hula, an rufe wasu jaridu na ɗan lokaci. Mark Neely ya bi fayilolin tsare-tsaren ya nuna a littafinsa na 1991 cewa yawancin waɗanda aka kama ba 'yan adawar siyasa ba ne, mutanen jihohin kan iyaka ne da na kudu, da masu fasa-ƙwauri da masu gudun shiga soja. Hakan ya rage nauyin zargin, bai share shi ba.

Sai batun 'yan asalin ƙasar. Bayan yaƙin ƙabilar Dakota a Minnesota a 1862, kotun soja ta yanke wa mutum 303 hukuncin kisa, wasu shari'un cikin 'yan mintoci. Lincoln ya sa aka bi fayilolin, ya amince da 39, a ƙarshe aka rataye 38 a garin Mankato ranar 26 ga Disamba, kwana shida kafin ya sa hannu kan sanarwar 'yanta bayi. Shi ne kisa mafi yawa a rana ɗaya bisa hukunci a tarihin Amurka. Wani marubuci zai ce ya ceci fiye da 260 duk da matsin 'yan siyasar jihar, wani zai ce ya rataye 38 bayan shari'ar da ba ta cika shari'a ba, kuma lissafin kowannensu daidai ne.

Wurin da marubuta suka fi sakin linzami shi ne abin da bai faru ba. Lincoln ya mutu kwana shida bayan Janar Robert Lee, babban kwamandan sojojin kudu, ya miƙa wuya a Appomattox, kafin a fara aiki mafi wuya: me za a yi da jihohin da aka ci da yaƙi, wa zai yi zaɓe, wa zai mallaki gona, wa zai kare 'yantattu daga tsofaffin iyayengijinsu. Littattafan farkon ƙarni na 20 sun ce da ya rayu da ya tausaya wa Turawan kudu ya taka wa masu zafin ra'ayi na jam'iyyarsa birki. Na bayan 1960 sun ce da ya rayu da ya ci gaba da matsawa har ya kai ga cikakken 'yancin baƙar fata. Duka biyun suna da jawabin da za su jingina da shi, na farko jawabin rantsuwa na 4 ga Maris 1865 mai kiran a bar ƙullata, na biyu jawabin 11 ga Afrilu. Wanda ya gaji kujerar dai Andrew Johnson ne, ɗan Tennessee, wanda ya yafe wa manyan 'yan tawaye, ya hau kujerar na-ƙi kan dokokin kare baƙar fata, har majalisar wakilai ta tuhume shi a 1868, ya tsira da ƙuri'a ɗaya a majalisar dattawa. A 1877 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kudu, jihohin suka bi da dabaru suka ƙwace ƙuri'ar baƙar fata, kuma ba a dawo musu da ita a aikace ba sai da dokar 'yancin zaɓe ta 1965.